Mijin Goggo, Mai Karɓar Mamatanmu

Na Allah muke, kuma ɗaya bayan ɗaya ake kiran mu. Wannan karon mijin Goggo aka kira.

Kwana uku muka jera kujeru a lungunmu na Sabil, daga magariba zuwa isha, yadda ake zaman makoki a nan Jidda. Ni aka zaunar a kujerar farko, ta ɗan mamaci, saboda bai bar ɗa ba, kuma ko mutum ɗaya bai zo daga ƙasarsu ba. Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta aiko daga cikin gida cewa ni zan zauna a wurin. Na zauna, amma Allah ya sani kujerar ba ta dace da ni ba.

Tsohon telan bakin masallaci ya dafa kafaɗata ya ce, "Azzamallahu ajrakum. Shi ya karɓi uwata." Direban tankar ruwa ya ce, "'Ya'yana biyu, duk a hannunsa suka sauka." Wani mutumin Sudan mai sayar da gawayi ya zo, sai ya ɗaga hannu biyu sama yadda marigayin ke yi, ya fashe da kuka aka janye shi. Liman kuwa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, wa zai riƙa shigar mana yanzu?" Sai ya tuna, ya dube ni. Duk wanda ke wurin ya san shekara ɗaya da rabi ke nan mijin Goggo bai shiga kabarin kowa ba, kuma ya san ni na raba shi da aikin.

Rana ta biyu wani Bature ya zo daga kamfanin da marigayin ya yi wa aiki a Bagdadiyya. Ya zauna a takure, ya kurɓi gahawa yana yamutsa fuska. Da zai tafi ya ce mana da gurgun Larabci wai yana saurayi ya taɓa ganin wannan mutum a filin wasa a Amurka, ya ga jama'ar fili kaf sun miƙe tsaye suna kiran sunansa. Tela ya karkato kunne ya ce, "Me ya ce yana yi?" Aka ce masa ƙwallo. Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yafe masa, kowa da ƙuruciyarsa."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mutanen can sun san rabinsa sun mance, mu nan mun san ɗaya rabin. Ni kaɗai na ji duka biyun daga bakinsa.

Baƙar fatar Amurka ne. Can ya musulunta, ya zo hajji a ƙarshen shekarun 1960, bai koma ba. Kamfanin nan ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya ba shi tsaron sito, ya kama ɗaki kusa da inda Goggo ke tuyar waina da safe. Goggo bazawara ce a lokacin, gajera, bakinta kuwa sai dai a yi haƙuri. Da aka fara tsokanar ta da shi cewa ta yi, "Me zan yi da wannan falwaya?" Ba a yi wata biyar ba aka ɗaura. A gindin murhunta ya koyi Hausa, shi ya sa ya shekara biyu yana ce wa liman "ke", liman yana amsawa ba tare da ya gyara masa ba.

Wanda ya gan shi sau ɗaya, hannunsa zai tuna. Tafinsa ya kai farantin shayi, kuma a cikin yatsunsa goma babu biyu da suka fuskanci wuri ɗaya. Ƙaramin na hagu ya kwanta gefe kamar yana fushi da sauran. Gwiwoyinsa duk tabon ɗinki ne. Bai kai hamsin ba yana tafiya irin ta ɗan saba'in.

Wata Juma'a na kwashe su a motata, shi da Goggo da matata, muka tafi shan iska bakin teku a Abhur. Ya zo da wani akwatin kwano da bai taɓa buɗewa a gabanmu ba. A ciki akwai tsofaffin hotuna, da yankakkun jaridu da suka yi ja, da wani ƙwallon fata mai tsini biyu.

"Wannan ƙwallo ne ko gwanda?" in ji Goggo.

Ya yi dariya ya zana mana fili a kan yashi da yatsa. Wasansu ba irin namu ba ne. Mutum sha ɗaya nan, sha ɗaya can, kowa da hular kwano, kuma kayar da mutum ƙasa halal ne. Akwai mai jifa. Shi aikinsa ya tsaya can gefen fili, da an fara ya sheƙa da gudu ya ratsa abokan gaba, mai jifa ya cilla ƙwallon inda bai kai ba tukuna, shi kuma ya isa wurin ya cafke ta saman kafaɗa. Aikin ke nan, shekara tara ana biyan sa a kansa.

"Wanda zai buge ka, kana jin takunsa a bayanka," ya ce mini. "Kana jin numfashinsa. In ka juya ka dube shi, ƙwallo ya tafi. To ba ka dubawa. Kada ka ɗauke ido sai ya zauna a hannunka. Bayan nan, halas, shi ke nan, su karya ka."

Ya miƙo mini ya ce in jefa. Na jefa jifan direba irina, ƙwallon ya tafi yana tangaɗi can inda ba kowa. Sai na ga mutumin da ke dafa bango kafin ya tashi daga sallah ya miƙe a kan yashi kamar an zare masa shekara ashirin. Ya miƙa hannun nan, ƙwallon ya kwanta a ciki ko ƙara bai yi ba. Goggo ta yi guɗa ba ta sani ba. Shi kuma ya biya kuɗin gudun nan da kwana uku a kwance.

Sauran labarin a gutsure na riƙa samun sa, yau kaɗan gobe kaɗan. A gonar auduga ya tashi, gudu ne ya fitar da shi. Ranar wasa fili ya cika da masu yi masa kirari, da yamma masaukin da abokan wasansa farare suka sauka ya hana shi shiga, sai ya nemi gidan wani baƙar fata ya kwana. In yatsa ya karye, a ɗaure shi da na kusa da shi a ce ya koma fili. In an buge shi ya suma, a shaƙa masa wani abu mai wari, a tambaye shi sunan garin da ake wasa. Ya ce ya koyi rubuta sunan garin a tsintsiyar hannunsa tun kafin a fara, don kada a cire shi. Da dariya ya faɗa mini wannan, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Ƙarshen abin, a wani babban wasa, saura ƙiris a tashi, an jefo masa ƙwallo ya ga guda biyu suna tahowa. Ya miƙa hannu ga wanda ba shi ne ba. Washegari aka kira shi ofis, wani mutum mai takarda a hannu ya ce ya dawo da littafin dabarun kulob ya kwashe kayansa.

"Shekara tara ina kamawa," ya ce. "Ɗaya na saki. Shi suke tunawa."

Wanda bai san Jidda ba sai na yi masa bayani. Kaburburan maƙabartarmu ba irin na ƙasar Hausa ba ne da iyayenmu ke ba mu labari. Ɗaki ne ginanne a cikin ƙasa, mai zurfi, mai ƙaramin baki. Dole wani ya sauka ciki, na sama su miƙa masa gawa, ya karɓa ya kwantar. Wuri ne mai zafi da duhu, kuma in wanda ke ciki gajere ne ko zuciyarsa ta karye, ana ganin abin da ba a so. Ranar da aka kai wani ƙaton dillali, samari biyu da ke ciki suka fara salati, makara ta karkata, gawa ta soma zamewa. Mijin Goggo ya tuɓe takalmi ya dira. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku kawo." Tun daga ranar aiki ya zama nasa, ba wanda ya naɗa shi.

Yana da tsarinsa. Ya ajiye takalmi a jere, ya goge tafinsa a jikin riga, ya sauka. Ba ya bari a saki sai ya ce a saki. Idonsa ba ya barin likkafani, ko kusa da kunnensa ake kuka. In nauyin ya gama zama a hannunsa sai ka ji daga ƙasa, "Halas, ya zo." Mun saba da kalmar nan har ta zama mana alamar cewa namu ya isa lafiya.

Bai zaɓi gawa ba. Alhazan da ke mutuwa bayan hajji ba dangi ba mai jin harshensu, shi ke barin sito ya bi su, a yanke masa albashin yini. Jarirai kuwa ba ya yarda a miƙa su kamar ƙunshin kaya. Sai ya ce wa uban, "Sa shi a nan," ya haɗa tafukansa, ya jira komai daɗewar da uban zai yi kafin ya iya saki. Sisin kowa bai taɓa karɓa ba. Wata rana ya ce mini, "A can ina kamawa mutane su yi ihu. A nan ina kamawa mutane su yi shiru. Wannan ya fi."

Sai kansa ya fara ba shi matsala. Ciwon kai da ba ya jin magani, har ya riƙa ɗaure goshi da jiƙaƙƙen tsumma. Hasken rana ya zama masa azaba. Ya fita sayen burodi a tsince shi can unguwar Hindawiyya yana tambayar hanyar gida. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya fasa tulu don an motsa masa buta, sannan ya zauna yana kuka yana tambayar wa ya fasa. Kamfani ya sallame shi. Hannun ma ya soma rawa, kofin shayi yana kaɗawa a kan faranti tun daga ɗaki ana ji. Dattawa suka fara ƙus-ƙus a ƙofar masallaci cewa ya kamata a ce masa ya huta. Kowa ya yarda, ba wanda ya iya faɗa. Shi kuwa da ya ji an yi rasuwa, ko sunan mamacin ya ɓace masa, za ka same shi a bakin kabari ya jera takalmi. Abin da ya rage masa ke nan a duniya.

A cikin wannan hali 'yata ta rasu. Shekara shida muka yi muna jiran ta, ta yi wata takwas, ƙyanda ta ɗauke ta. Shi ya yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, kuma a tafinsa ɗaya take barci, kanta a yatsu ƙafafunta a tsintsiyar hannu.

Bayan sallar azahar muka kai ta. Ina rungume da ita na ga ya sunkuya yana tuɓe takalmi. Na ce, "Baba, tsaya."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ba kai za ka shiga ba. Hannunka rawa yake yi."

A gaban liman na faɗa, a gaban tela, a gaban mutum fiye da arba'in. Ya miƙo hannuwan biyu gabana, ya haɗa tafukan yadda ya saba. Wallahi ba sa motsi. Na gani da idona, tsaye suke kamar an sassaƙa su. Daga baya Goggo ta gaya mini haka suke, duk rawar da suke yi, da ya miƙa su zai karɓi abu sai su natsu. Na gani, amma na riga na yi magana, kuma baƙin ciki ya sa ni taurin kai. Na ce, "La, ya ammi. A'a, Baba. Ni ne ubanta."

Ya mai da takalminsa. Sai da ya yi ta laluben na hagu da ƙafa kafin ya shiga.

Na ba ƙanina ita na sauka. Ban taɓa shiga ba. Zafi ya rufe ni, hawaye ya cika mini ido, na ɗaga hannu. Da na ga ɗan farin ƙunshin nan yana saukowa, zuciyata ta kasa, na kau da kai. Ƙanina ya ɗauka na riƙe, ya saki. Ta zame ta tsakanin hannuwana, ta bugi gwiwata, kanta ya taɓa ƙasa. Ba ƙara mai yawa, amma har gobe ina jin ta. Na ɗauke ta da sauri na ɗaga kai. Ƙanina ya rufe fuska da hannu, sauran suna baya. Fuska ɗaya ce ta fi ta kowa tsawo, tana leƙowa ta saman kafaɗun mutane. Muka haɗa ido.

Daga ranar ba a sake kiran sa ba. In gidansu ma sun ƙi shi, wa zai ba shi nasa? Shi ma bai sake bin makara ba. Ya koma zaman ƙofar gida, tsumma a goshi, hannuwa a kan cinya suna ta karkarwa. Goggo ta tare ni a zaure ta ce, "Kai ma ka kore shi, kamar waɗancan."

Na ce, "Goggo, 'yata ce."

Ta ce, "Shi kuma jikarsa ce. Fita mini daga gida."

Na fita, kuma na ji daɗin korar, don ta ba ni dalilin ƙin haɗa ido da shi. Fiye da shekara ina zagayawa ta bayan layi don kada in wuce ƙofarsu. Kullum ina jiran in ji maganar ta fito, in ji mata sun kai wa matata. Ba ta fito ba. Mutumin da kansa ya kwance, yana faɗin duk abin da ya zo bakinsa, wannan ɗaya bai taɓa suɓuce masa ba.

Saura mako biyu ya rasu Goggo ta aiko a ce mini in ina da abin faɗa in zo. Na je da hantsi, takardar asibitinsa da ta ce in karɓo tana hannuna. Yana ganin takardar ya yunƙura zai tashi, ya yi ta magana da Turanci, sannan ya juya Hausa.

"Ba zan ƙara saki ba. A bar ni wasa ɗaya. Ɗaya kawai."

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne." Goggo ta karɓe takardar ta ɓoye, ta ba shi shayi a baki. Can ya natsu. Ya daɗe yana kallona, sai na ga ya dawo.

"Ya waladi, ɗana," ya ce. "Ranar yarinya ka ɗauke ido."

Na ce, "Na ɗauke, Baba."

"Ni kaɗai na gani." Sai ya ce, "Kawo hannu."

Na miƙa. Ya kama su da karkatattun yatsun nan, ya matso da gwiwoyin hannuna jikin haƙarƙarina, ya buɗe mini tafuka, ya gyara babban yatsa. Ya sa Goggo ta ɗauko ƙwallon nan, ya ɗaga shi sama da kaina ya sauko da shi a hankali. Sau uku muna yi.

"Ni mai nauyi ne," ya ce. "Kuka daga baya. Kada ka ɗauke ido sai na zauna."

A nan ne na ce, "Baba, ka yafe mini." Na makara da minti ɗaya. Idon ya riga ya tafi. Ya dube ni da fara'a irin ta baƙo, ya tambayi Goggo ko wannan bawan Allah ya ci abinci. Na koma sau huɗu bayan nan, bai sake gane ni ba. Amsar nan ban same ta ba, kuma ba zan same ta ba a nan duniya.

Ranar da ya rasu, bayan la'asar muka kai shi. Da aka buɗe bakin kabari mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa. Na tuɓe takalmina na jera su. Liman ya dube ni. Na goge tafina a riga na sauka, na matse gwiwoyin hannu, na ce, "Ku kawo." Hawayen ya zo, na bar shi ya zuba ban ƙifta ba. Na kafe likkafanin nan da ido tun daga bakin rami har ya iso. Ya yi mini ƙarya a abu ɗaya: ba shi da nauyi. Ciwo ya cinye shi, tsawon ne kawai ya rage. Da ya gama zama a hannuna na buɗe baki na ce:

"Halas, ya zo."

Na ji tela ya rushe da kuka a sama.

Da aka tashi makoki na zaunar da matata na gaya mata abin da ya faru da 'yarmu a cikin kabari. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce, "Da ka bar shi." Gaskiya ta faɗa.

Kabarinsa ba suna, haka ake yi a nan, kuma nan da wasu shekaru za a buɗe a matsar da ƙasusuwansa a sa wani. Hotunan akwati Goggo ta ce ba ta san mutumin da ke cikinsu ba, nata mijin ba ya sa hular kwano. Ƙwallon ta ba ni. To ga shi na rubuta, don wanda ya taɓa tsayawa a bakin rami ya miƙa uwarsa ko ɗansa ga waɗannan karkatattun yatsu ya tuna, ya yi masa addu'a. A can sun riƙe guda ɗaya da ya saki. Mu nan shaida ne, a cikin namu bai saki ko ɗaya ba.

Ya Allah, baƙo ne ya zo mana, ba uwa ba uba ba ɗa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓe shi yadda ya riƙa karɓar namu.